Sigina mai gudu a bayan Corolla: ra'ayina kan aikin wani mai rewaya a Ƙofar Ƙaura

Jama'a masu tambaya a ina aka yi mani siginar nan ta baya mai gudu, wadda wutar ke tasowa daga ciki ta bi layi har ta kai ƙarshen fitila sannan ta ɗauke ta sake, to a nan cikin Katsina aka yi ta, ba Kano na kai motar ba ba Abuja ba. Wani mai rewaya ne a wajajen Ƙofar Ƙaura, shagon nashi ɗan ƙarami ne cikin jerin shagunan masu gyara, yaranshi Oga suke ce mashi. In a taƙaice kuke so, aikinshi ya yi kuma zan iya tura ɗan uwana wurinshi ba fargaba, amma yana da halin da sai ka yi haƙuri da shi, kuma abin da ya sa na yaba mashi ba gudun wutar bane, gudun wuta ko yaron da ya shiga sana'a bara zai iya manna maka, wayarin ɗin da ba a gani shi ne aikin.

Motar Corolla ce ƙirar 2010, kuma ni da farko irin zirin LED ɗin nan da ake mannawa a waje naje da niyyar a sa mani, wanda ake laƙawa ƙarƙashin murfin but ko a gefen danja. Ya kalli abin yace yallaɓai in wannan kake so akwai masu yi ga su nan birjik, ni bana sa shi, don gam ɗin bayanshi ba ya jure ranar Katsina, watan Afrilu da Mayu in bodin mota ya ɗau zafi sai ya fara ɗagowa, ƙura ta shiga ƙarƙashi, damina na sauka ruwa ya gama da shi. Shi abin da yake yi shine ya buɗe fitilar kanta ya shimfiɗa LED ɗin a cikin gidan siginar, ya maida ya rufe, ta yadda in mota na tsaye ba za ka gane an taɓa ta ba sai an kunna. Kuma shawarar farko da ya bani ita ce kar a yanka fitilun da motar ta zo da su, a sayo wasu na gwanjo guda biyu daga Ƙofar Ruwa a Kano a yi aikin a kansu, na asali in ajiye gida, ranar da zan saida motar ko abin ya gundure ni a maida su cikin minti kaɗan. Wannan ya ƙara mani kuɗi ba ƙarya, amma har yanzu ina ganin ita ce shawara mafi amfani da na samu a wurin.

Dalilin yankan kuwa, fitilar gaba yawanci da wani baƙin gam ake haɗa ta wanda in aka gasa da iska mai zafi yana saki, amma fitilun baya da yawa narka robar aka yi aka haɗe gilashin da gidan tun daga kamfani, ko ka kwana kana gasawa ba za ta buɗe ba saidai ta lanƙwashe ta lalace. Dole sai an bi bakin haɗin an yanka a hankali da ɗan ƙaramin injin yanka. Na tsaya ina kallo yana yi, ya ɗora fitilar kan cinya bisa tsumma, yana yanka yana hure garin robar, in ya zo kwana sai ya rage gudu ya riƙa juya fitilar maimakon juya hannun, yaron da ke riƙe mashi tocila ko tari ba ya yi. Da gilashin ya rabu sai ya kifa shi kan takarda mai tsabta yace kar wanda ya taɓa cikin, don shatin yatsa in ya shiga aka rufe shikenan ya zauna har abada kana ganinshi duk sanda wuta ta kama.

Wani abu da mutane da yawa basu sani ba, wannan salon ba sabo bane. Ford Thunderbird ta 1965 a Amurka ta fito da shi, Mercury Cougar ta biyo a 1967, kuma a lokacin ba LED, ƙwayaye uku ne a jere da wani ɗan injin lantarki mai juyawa a but yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Ford ta dawo da shi a Mustang ta 2010, sannan Audi ta yi nata da LED wajen 2013 wanda shi ne ya sa abin ya zama yayi, yau kowa so yake bayan motarshi ya yi irin na Audi. Yanzu wani ɗan akwati ne da bai kai ashana girma ba yake lissafa lokacin, wuta na shigo mashi daga layin sigina sai ya rarraba ta ga ƙwayoyin LED ɗin bi da bi.

To a nan ne aikin yake, kuma a nan ne yawanci masu yi suke kwafsawa. Ƙwan sigina na asali wat 21 ne, a batir mai bolt 12 yana jan kusan am 1.75, shi kuma filasha, wato ɗan rile ɗin nan da kake jin ƙas ƙas ɗinshi ƙarƙashin sitiyari, an ƙera shi ne yana auna yawan wutar da ake ja. In ƙwai ɗaya ya mutu jan wuta ya ragu sai ya fara ƙiftawa da sauri da gangan, don ya sanar da direba cewa akwai ƙwan da ya ƙone. LED kuwa ɗan abin da yake ja bai taka kara ya karya ba, sai filasha ya ɗauka ƙwan baya ya mutu ya kama sauri. A mota mai sigina ta gargajiya saurin nan ban haushi kawai yake, amma a mai gudu lalata aikin yake gaba ɗaya, don wutar bata kai ƙarshen layi ba an ɗauke ta, sai ka ga rabin fitila kaɗai ke kamawa. In kun taɓa bin bayan wata mota a IBB Way kuka ga siginarta na rawa rabi da rabi to wannan ne ciwon.

Ƙa'idar sigina a duniya ƙiftawa 60 zuwa 120 ne a minti, yawancin motoci suna wajen 90, kenan kowane zagaye bai cika daƙiƙa ɗaya ba kuma kusan rabinshi ne wuta ke kunne. A cikin wannan ɗan lokacin dole gudun ya tashi ya ƙare har fitilar ta ɗan tsaya a cike kafin ta mutu. A ƙa'idar Turai ma cewa akayi gudun ya fara daga ciki ya nufi waje, kuma ya cika cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Oga bai kawo mani wata ƙa'idar Turai ba amma abin da ya yi kenan da ido, akwatin da ya sa yana da ɗan sukurun saita gudu, ya sa yaro ya kunna sigina shi kuma yana murzawa da ƙaramar sukundireba yana kallo har sai da ya ga ƙwayar ƙarshe na kamawa ta ɗan jima. Nace Oga a ɗan rage gudun mana ya fi kyau a ido, yace a'a Alhaji, wanda ke bayanka a shataletale ba kallon ado ya zo ba so yake ya san ina ka nufa. Gaskiya ya faɗa na ja bakina.

Maganin saurin filasha hanya biyu ne kuma duk ya faɗa mani kafin ya taɓa komai. Ta farko a sa rezista, wannan mai jikin alminiyom ruwan gwal mai om 6 wat 50, a haɗa shi da layin sigina ya riƙa cin wutar da ƙwan asali ke ci don a yaudari filasha. Yana aiki, amma wutar da yake ci zafi take komawa, in ka bar dabul sigina na ɗan lokaci a bakin hanya zai yi zafi kamar dutsen guga, kuma masu gaggawa sai su naɗe shi da salatif su cusa bayan kafet ɗin but kusa da roba da wayoyi. Na ga motar wani abokina da aka yi ma haka a wani wurin daban, kafet ɗin ya narke ya manne da rezistan, Allah ne kawai ya tsare. In dole sai an sa to a ɗaure shi da sukuru jikin ƙarfen bodi nesa da roba. Hanya ta biyu a cire filashan asali a sa na LED wanda ba ruwanshi da yawan wutar da ake ja, a Corolla irin tawa filashan abu ne mai zaman kanshi ƙarƙashin dashbod ɓangaren direba, zare wannan soka wancan, ba zafi ba yankan waya. Wannan ya yi mani. Saidai ya gargaɗe ni cewa daga yau motar ba za ta ƙara gaya mani in ƙwai ya mutu ba, sai in riƙa kunna dabul sigina ina zagaya motar lokaci lokaci ina dubawa da kaina. Mutum nawa ne zai gaya maka illar abin da shi da kanshi ya saida maka?

Sai maganar haɗa wayoyi, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan dogon bayanin. Bai feƙe ko waya ɗaya ta jikin motar ba. Fitilun gwanjon sun zo da guntayen wayarsu da soket, a kansu ya yi duk haɗin, ta yadda soket ɗin motar kawai ake sokawa kamar yadda kamfani ya yi. Kafin ya haɗa sai da ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya da testa duk da yace ya san kalolin Toyota a ka, ga na fakin, ga na birki, ga na ribas, ga na sigina, ga at wato negetif, yana taɓawa yaro na taka birki ko sa giya yana kira mashi. Kowane haɗi ya sa mashi dalma da ƙarfe mai zafi, ba murɗawa da hannu a naɗe da salatif ba, sannan ya zura wannan robar da ke tsukewa in an gasa ta. Salatif a but ɗin mota a garin nan wata nawa zai yi, gam ɗin ya narke ya zame waya ta fito tsirara ta taɓa bodi fiyus ya tashi, ko kuma in an yi rashin sa'a wani ya taɓa sa fiyus mai girman da ya wuce ƙa'ida ko ya naɗa zaren waya a madadinshi, wayar ce za ta ƙone a maimakon fiyus ɗin. Shi sai da ya buɗe akwatin fiyus ya duba na sigina daidai yake da abin da aka rubuta a murfin sannan ya ci gaba.

Wayar at ma ya bata muhimmanci fiye da yadda na zata. Ya kwance inda take ɗaure jikin bodi ya kankare tsatsa da sanfefa har ƙarfe ya yi fari ya maida ya ɗaure tam. Yace duk motar da ka gani an sa sigina amma danjar birki na lumshewa tare da ita, ko an taka birki sigina ta ɗan kawo, kashi mafi yawa at ne bai kama ba, wutar ta rasa hanyar komawa sai ta bi ta cikin wani ƙwan. Da ƙwan gargajiya abin ba ya cika fitowa sosai, amma LED ɗan ƙanƙanin wuta ya ishe shi ya haska, sai ya tona asirin duk wani rauni da ke wayarin. Haka kuma ya tada injin ya auna da mita ya nuna mani wuta na wajen bolt 14 in alteneta na caji, yace shi ya sa zirin LED na ado da ake sawa a silin ɗin ɗaki ko shago ba ya daɗewa a mota, an yi shi ne don bolt 12 tsayayye, a mota sai ya riƙa zafi ƙwayoyin na mutuwa ɗaya ɗaya.

Rufewa ya yi da baƙin gam irin na manna gilashin mota, ya matse da kilif ya ajiye ya bushe, kuma bai toshe ɗan ramin shan iskan da ke bayan fitilar ba, wanda wasu ke cikawa da silikon wai kar ruwa ya shiga alhali shi ne ke fitar da tururi. Kafin a ɗaura sai da ya kwarara masu ruwa da buta ta kowane gefe. Damina ta wuce a kansu, na bi hanyar Daura ta Mashi cikin ruwa mai ƙarfi, ban ga raɓa ko hazo a cikin gilashin ba, ƙurar hunturu ma bata shiga ba.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na rana. Da daddare ko wace LED kyau take, har ta araha, kowa sai ya ɗauki bidiyo ya sa a status. Shi da azahar ya sa aka fito da motar aka juya bayanta ga rana, ya taka ya yi nisa kamar tsakanin falwaya biyu ya tsaya ya sa hannu a goshi yana kallo, ya ɗaga murya yace dama, hagu, taka birki ka sa dama. So yake ya tabbata ana ganin ruwan lemon a fili ko da jan birki na kunne a gefenshi. A nan ne ma wani matashi da ya kawo Accord ya nemi a fesa ma danjarshi baƙi a sa mashi sigina mai canja kala shuɗi da fari, Oga yace ƙanena yi haƙuri ba na yi, sigina ruwan lemo ce, shuɗi mai walƙiya na motocin jami'an tsaro ne, kuma danjar da aka baƙanta mai tirela ba zai ganta ba da rana sai ya zo kanka. Yaron ya tafi yana ƙunƙuni, shi ko a jikinshi. Ni dai tun da aka sa na wuce 'yan Rod Sefti da 'yan KASSAROTA ba adadi ba wanda ya tsayar da ni kan fitilar, don kalar da hasken duk na ƙa'ida ne, jan madubin nan mai ƙyalli da ke cikin danja ma yana nan bai cire ba.

Yanzu inda bai kyauta ba, don ba zan ɓoye ba. Mutumin nan bai san alƙawarin lokaci ba. In yace gobe to ka ƙara mashi kwanaki, ba wai don yana wasa ba, aiki yake karɓa fiye da ƙarfinshi kuma ba ya yarda yara su yi haɗin dalma sai shi, ga wutar NEPA da in ta ɗauke sai an jira ko a tada janareta, wani lokacin ma sai an aika sayen mai. Ranar ɗaurawa na zo da hantsi kamar yadda muka yi ban bar wurin ba sai bayan la'asar, motoci biyu da suka zo bayana masu ƙaramin gyara duk sai da ya sallame su tukuna. Wurin zama benci ɗaya ne ƙarƙashin rumfar kwano, in rana ta take ba daɗi. Waya kuma sai ka kira ka gaji bai ɗauka ba. Sannan yaran sun karya mani kilif biyu na kafet ɗin but wajen ɓallewa suka maida suka yi shiru, sai a gida na ga gefen na lilo, da na koma na nuna mashi ya yi masu faɗa ya sa sababbi bai karɓi ko sisi ba, amma da an faɗa mani tun farko da ya fi. Wani abu kuma, da na kunna dabul sigina da daddare na lura ɓangaren hagu na ɗan riga na dama cika, kaɗan ne amma ido na kamawa, shi ma ya saita sukurun ya daidaita su, saidai wannan abu ne da ya kamata ya gani a gwajinshi, bai gani ba tunda gefe ɗaya ɗaya ya riƙa gwadawa bai haɗa biyun ba.

Kuɗi kuwa ya fi na masu mannawa nesa ba kusa ba, in ka haɗa fitilun gwanjo da LED da akwatin gudu da filasha da ladan aiki za ka iya sa na mannawa sau da yawa da kuɗin. Kayan duk da dala suke tafiya farashin safe daban na yamma daban, don haka ku je ku yi ciniki da kanku, saidai abin da na lura shi ne yana raba maka kuɗin kaya daban ladan hannu daban, kuma in kana so ka sayo kayanka da kanka ba ya jin haushi, zai dai duba in bai yarda da su ba ya gaya maka. A ladan hannu ba ya ragi sosai, ka yi magiya ka gaji yace Alhaji araha bata ado.

Masu manyan motoci na baya bayan nan ku lura, da yawansu basu da filasha mai zaman kanshi, ƙiftawar daga cikin kwamfutar bodin motar take fitowa, kenan ba abin da za a zare a canja, sai rezista ko a saita da kwamfuta, kuma wasu suna kawo alamar gargaɗi a dashbod in jan wutar ya canja. Shi da bakinshi yace irin Marsandi da BMW na zamani ba ya son taɓa su. Haka masu motocin da aka shigo da su daga Amurka waɗanda siginarsu ta baya ja ce kuma ƙwai ɗaya ke yin birki da sigina, akwatin gudunsu daban ne da nawa, in aka sa maku irin nawa duk sanda kuka taka birki wutar za ta riƙa gudu ta gefe biyu. Ku fara kai mashi motar ya duba da testa kafin ku sayi komai, don wancan akwatin ba ya ajiye shi a shago sai ya yi oda daga Kano.